Jan Zare da Koren Zare

Wajen ƙarfe huɗu na yamma iska ta taso, benen nan mai hawa ashirin da biyu ya shiga rangaji fiye da yadda ya saba. A ɗakin na'urori, ruwan da ke kofin Injiniya sai kai da komo yake yi.

Ni ne mai haɗa zaren haske, siraran zaruruwan gilashin da ke manne a ginshiƙan ginin. Su ke gaya wa kwamfuta inda gini ya karkata, ita kuma, da abin da ta koya shekara da shekaru, sai ta tura wani ƙaton ƙarfe da ke kan rufi ya tare girgizar. Yau kuwa ƙarfen taya iska aiki yake yi.

"Kwamfutar ta haukace ne?" in ji Manaja, yana sharce gumi. "A kashe ta!"

"In na kashe ta, me zai riƙe mu?" Injiniya ko ɗago kai ba ta yi ba. "Ba ta taɓa yin haka ba. Sai dai in ƙarya ake faɗa mata."

Na saci kallon akwatin zaren da ke bango. Da safen nan na gyara zare biyu da ɓera ya ci, na gabas da na yamma, ja da kore. Shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki, idona bai taɓa bambance launukan nan biyu ba. Yayana, wanda muke aiki tare, shi ke miƙo mini kowanne, ba wanda ya sani sai mu biyu. Yau zazzaɓi ya kwantar da shi, ni kuma sarkin wayo na canka.

Can sama wani abu ya yi ƙara kamar ana jan gado a kan siminti.

"Lif ta tsaya, ba hawa ba sauka," Manaja ya ce. "Ga yara talatin a gidan renon hawa na ashirin."

Na ji tsoron rasa aikina, na kuma ji kunyar wannan tsoron.

"Ranki ya daɗe, ni ne. Na juya zaren. Ba na gane ja da kore."

Ta ture ni, ta ɓalle murfin akwatin bango, ta zare su biyun ta sauya musu gurbi. Muka zuba wa kofin ido. Ruwan ya yi ta lilo, ya rage, ya rage, har ya kwanta.

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta dube ni ta ce, "Duk shekarun nan, wa yake zaɓa maka?"

Wayata ta hau ruri a kan tebur, tsakanina da ita, sunan Yaya ɓaro-ɓaro a fuskar wayar.