Takardar Haihuwar Tsoho Risto

Vangel ya sake laluba aljihun kwat ɗinsa na ciki, karo na huɗu tun da motar hayar ta bar garinsu Kriva Palanka, a Masedoniya. Takardar tana nan cikin ledarta.

"Baba, ba fiffike za ta yi ba," in ji 'yarsa Frosina, idonta na kan waya.

"Na sani."

"To ka bar ta ta huta mana."

Takardar haihuwar mahaifinsa ce, tsoho Risto, ta shekarar 1942, lokacin da sojojin Bulgariya ke riƙe da garin. Da safen nan ya zare ta daga gwangwanin biskit da ke ƙarƙashin gadon tsohon, sa'ad da tsohon ke bayan gida yana watsa wa kaji hatsi. Shekararsa hamsin da uku, bai taɓa ɗaukar ko allurar ubansa ba sai da izini.

Frosina ta gama karatun jinya. Wani asibiti a Jamus ya ce yana son ta, amma shekara biyu ke nan tana bin layin biza, layin bai motsa ba. Ta riga ta faɗa a gida: in bazara ta wuce babu hanya, za ta tafi yadda 'yar baffanta ta tafi, ta riƙa wanke tsofaffi a ɓoye a gidajen mutane. Waccan kuwa kama ta aka yi, aka dawo da ita da baƙin tambari a fasfo. Tun ranar Vangel bai ƙara cin abinci ya ji daɗinsa ba. Hanya ɗaya ta rage, wadda rabin unguwa suka bi: fasfon Bulgariya. Su suna cikin Tarayyar Turai, mai fasfonsu ba ya neman izinin kowa. In uba ya samu, na 'ya ba ya wuya. Abin da ake so takarda ce da ke nuna asalinka nasu ne, sai kuma ka je Sofiya, babban birninsu, ka faɗa da bakinka.

Direban, Mitre, ya ƙara ƙarar rediyo. Ana labarin taron shugabannin Tarayyar Turai a Brussels. An yaba wa Masedoniya, an ce ta ƙara haƙuri kan batun shigarta Tarayyar.

"Kun ji ko?" ya ce, yana bugun sitiyari. "Ina saurayi aka ce mun kusa. Ga shi yau sanƙona har walƙiya yake. Girka ta ce mu canza tuta, muka canza. Ta ce mu canza suna, muka canza. Yanzu maƙwabtanmu 'yan Bulgariya sun ce harshen da uwata ta yi mini rarrashi da shi ba harshe ba ne, nasu ne muka lanƙwasa. Gobe za a ce mu canza matanmu."

"Wannan kai za ka fara kai taka," in ji wata dattijuwa a kujerar baya, Velika, wadda ke rungume da kwalaben miyar tattasai da za ta kai wa jikanta. "Ni dai na faɗa, ranar da za su buɗe mana ƙofa, za mu tarar masu gidan sun kwashe kaya."

"Wa ke ta ƙofa, Inna? Kowa ta taga yake shiga. Ni direban taga ne."

"Kai kana da shi?" Vangel ya tambaya.

"Fasfon? Tun yaushe! Yana aljihun baya, a kansa nake zaune."

Aka yi dariya, ban da Vangel. Velika ta miƙo kai tsakanin kujeru ta dube shi.

"Kai yau ne naka, ko? Daga gani. Kada ka tsorata, ɗana. Launin tuta, sunan kogi biyu, abin da ake toyawa ranar sabuwar shekara. Sai tambaya ta ƙarshe. Ka ce e, ka fito. Ni da na faɗa, harshena bai guntule ba, ga shi nan yana damun mutane."

A kan iyaka aka tsayar da su kusan awa guda. Motocin da ke da lambar Tarayya suna wucewa ta layin hagu, su kuwa suna layin dama suna shaƙar hayaƙin tirela. Vangel ya fita, ya dawo, ya sake fita. Ya zagaya motar sau biyu. Daga nan yana iya hango dutsen da yake kai tumaki yana yaro.

A Kyustendil, cikin Bulgariya, suka tsaya karya kumallo. Vangel ya tambayi matar da ke bayan kanta ko akwai shayi. Ta girgiza kai. Ya juya zai fita, sai ta kwaɗa masa kira, kofi a hannu.

Velika ta kusa ƙwarewa da burodi. "Ka ƙetare iyaka fa, bawan Allah! A nan in an girgiza, e ke nan. In an gyaɗa, a'a."

"Na sani," ya ce. Ya sani ɗin, kowa ya sani tun yana yaro. Wuya ne dai ba ya koyon abin da kai ya sani.

Bai kai ga kurɓar shayin ba waya ta yi ƙara. Matarsa ce, Ilinka.

"Ya buɗe gwangwanin," ta ce ƙasa-ƙasa. "Na ce ban sani ba, bai ko kalle ni ba. Ga shi."

Numfashin tsohon ya fara zuwa kafin muryarsa.

"Vangel."

"Na'am, Baba."

"Ka karanta sunan da ke jikin takardar nan?"

"Na karanta."

"Faɗa in ji."

Vangel ya juya wa mutane baya. "Hristo Stoyanov."

"Uwata ta ce masa Risto, ɗan Stoyanovski. Sau uku ta faɗa. Magatakardan ya rubuta abin da ya ga dama, suna irin na Bulgariya, da soja a tsaye a bakin ƙofa. Shekara tamanin ina kwana a kan takardar nan don kada wani ya kira ni da sunan. Yau ɗana ya ɗauka zai kai musu da hannunsa."

"Baba, don Frosina ne."

"Ban tambaye ka don wa ba. In suka ce kai wane ne, me za ka ce?"

Vangel ya buɗe baki. Tsohon ya riga ya ajiye wayar.

Frosina tana tsaye kusa da shi, ta ji komai. "Baba, in ba za ka iya ba, mu koma. Mota na juyawa da azahar."

"Ki koma ki yi me? Ki je ki wanke tsofaffin Jamus a ɓoye?"

"A nan ma tsofaffi nake wankewa, a fili, kuma albashin ba ya sayen takalmin sanyi."

"To yi shiru ki shiga mota."

Ofishin yana hawa na biyu a wani dogon gini mai launin toka. Barandar cike take da mutanensu. Ba sai an yi magana ba, daga kwat da takalmi ake ganewa. Ya hango mai gyaran famfo na unguwarsu, kowa ya kawar da kai. Wani yana bitar sunayen koguna a ƙasan numfashi. Vangel ya zauna, ya tashi, ya karanta duk sanarwar da ke bango, ya sake zama. Frosina ta ɗora hannu a gwiwarsa.

Da aka kira sunansa sai da aka maimaita.

Wata mata ce a bayan tebur, sa'arsa, da tabarau a ƙarshen hanci da hankici a hannu, mura na damun ta. Ta nuna masa kujera. Ta tambayi launin tuta, ya faɗa. Koguna, ya faɗa. Ya yi ta lanƙwasa harshe irin nasu yadda Frosina ta koya masa, kalmomin suna fitowa kamar takalmin aro.

Ta zaro takardar daga leda da yatsu biyu, a hankali, ta daidaita ta a kan tebur.

"An adana ta da kyau," ta ce. "Mahaifinka yana raye?"

"Yana raye."

"Allah ya ƙara masa lafiya. Kakata ma daga wajenku take, daga Shtip. Har ta rasu tana cewa tattasan nan ba shi da ɗanɗano." Ta share hanci, ta jawo fom. "Saura ɗaya. Kana jin kanka ɗan Bulgariya ne?"

Kalmar ƙarama ce. Ya yi ta bitar ta sati uku, a wurin aiki, a banɗaki, a gaban madubi. Ya kalli takardar. Tawada ta koɗe, amma sunan yana nan, da hannun mutumin da aka faɗa wa sau uku. Ya ji muryar Frosina a baranda tana ba wani wurin zama. Ya buɗe baki, babu abin da ya fito. Sai kansa ya tafi hagu, ya tafi dama, ya sake, shi kaɗai.

Matar ta dube shi ta saman tabarau, ta yi rubutu, ta buga hatimi. Ta mayar da takardar cikin leda, ta haɗa masa da wata 'yar farar takarda.

"Shi ke nan. Kira mini na gaba."

Ya fito. Frosina ta taso.

"Ki yafe mini, 'yata," ya ce. "Na ƙi. Na kasa."

Ta karɓi farar takardar don ta sami inda za ta sa ido. Ta karanta, ta sake karantawa.

"Baba, nan an rubuta ka wuce. Ga lambar jira." Ta ɗago. "Me ka ce mata?"

"Ban ce komai ba. Kai na girgiza."

Ta toshe baki da hannu. Dariya ta fara zuwa, ta bi ta hanci, kafin ta gama ta koma kuka. Mai gyaran famfo ya leƙo yana kallon su.

Vangel ya juya. Ƙofar tana nan, taku biyar, ba a ma rufe ta sosai ba. Yana jin wanda ya shiga bayansa yana jero koguna. Magana ɗaya ce: baiwar Allah, ba haka nake nufi ba. Ya yi taku ɗaya. Frosina ba ta riƙe shi ba, ba ta kira shi ba, ta tsaya kawai da takardar a ƙirji, ta riƙe ta da hannu biyu.

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya ce, "Ina matakalar da muka hawo?"

A bakin titi, kusa da mai sayar da gasasshiyar masara, ya kira gida. Tsohon ne ya ɗauka, bugu ɗaya.

"Sun tambaye ka?"

"Sun tambaya."

"Me ka ce?"

"Na girgiza kai, Baba."

Vangel yana jin kukan kaji daga nesa ta cikin wayar.

"A Sofiya," in ji tsohon.

"A Sofiya."

"Ita kuma ta rubuta."

"Ta rubuta."

Tsohon ya ja wani dogon numfashi, ya yi tari. "Sun iya rubutu, mutanen nan. Tun da can. Yarinyar ta ci abinci?"

"Yanzu za ta ci."

"Ka dawo mini da takardata. Kada ka naɗe ta."

Motar tana jira a tasha, Mitre ya jingina da ƙofa yana ɓare 'ya'yan kabewa. Ya hango su ya ware hannu.

"Mutanen taga! Yaya, maigida, an dace?"

Vangel ya dafe aljihunsa na ciki, ya wuce shi ya shiga, ya zauna a bakin taga. Ya riƙe wuyansa a miƙe, bai kai shi ko'ina ba, har suka ƙetare iyaka.