Maɗacin Ƙofar Gidan Malam Daudu

Maɗacin da ke ƙofar gidan marigayi Malam Daudu a Roni ya girmi duk wanda yake kwana a gidan. A gindinsa Dela, babbar 'yar marigayin, take kasa ƙuli-ƙuli da man gyaɗa tun da mijinta ya rasu ta dawo gida. Nan take wuni, nan take jin labarin gari. Wanda ya raba ta da inuwar nan ya raba ta da kasuwarta da jama'arta gaba ɗaya.

Ƙanenta Ashiru kuwa Allah ya hore masa baki. Shi ne sakataren wata ƙungiyar kare itatuwa, wadda duk abin da ta mallaka koriyar hula ce da hatimi. Tun da aka ce shi zai yi jawabi a taron dashen bishiya a Kazaure, mutanen gida suka shiga uku. Ya samo wani shafi a wayarsa mai jero kalmomin Turanci na raunana abu, ya zauna a kan saiwar maɗacin yana nanata su kamar mai tilawa.

"Yaya, kin san Bature ba ya cewa abu ya lalace kawai? Sai ya faɗa miki yadda aka yi. In a hankali aka tsotse shi, sap ke nan. In zagon ƙasa aka yi masa, andamain. In aka tsiyaye shi tas, direin."

"In aka feɗe shi da ransa fa?" in ji Dela, tana nuna gindin bishiyar da baki.

"Wannan ai magani ne, Yaya. Ki daina haɗa ilimi da tsegumi."

Kowa ya san sassaƙen maɗaci magani ne. Zamanin Malam Daudu, in mai ciwon ciki ya zo, a sassaƙa masa ɗan kaɗan a gefe guda, a shafe wurin da laka, a bar shi ya warke. Ashiru ne ya mai da shi goron gaisuwa. Kansila ya yi kukan basir, sai gizago. Shugaban jam'iyya ya ce bakinsa ba daɗi, sai gizago. Yau da gobe ba ta bar komai ba, har gindin ya koma fari sol, saura ziri ɗaya na ɓawo ta wajen katanga, faɗinsa bai fi tafin hannu ba. Dela ta san duk ranar da saran ya zagaye ya haɗu, bishiya ta tafi. Don haka ta mirgino tsohon turmi ta jingina a wurin, ta ɗora farantinta a kai.

Ranar taro Ashiru ya zazzage kalmominsa kaf. Ya ce an sap da dazukan Gwiwa, an direin da ƙasar Babura. Waɗanda ba su ji ko ɗaya ba su suka fi kowa tafi. Da la'asar sai ga shi a gidan gaba na wata doguwar mota, yana washe baki. A baya wani Darakta ne daga birni, mai tumbi, wanda ya yi kuskuren cewa kasala tana damunsa.

"Ranka ya daɗe, ai maganin a ƙofar gidanmu yake tsaye!"

Ya shiga ya fito da gizago. Dela ta miƙe ta tsaya gaban turmin.

"Ashiru, ka dubi girman Allah. Shi kaɗai ya rage."

Ya matso ya yi ƙasa da murya. "Yaya, kujera nake nema a wurinsa a kwamitin jiha. Za ki tozarta ni a gaban baƙo?"

Darakta ya sauke gilashi. "Sannu da aiki, Hajiya. Allah ya sa ba mu takura muku ba."

To, nan aka ci ta. Dela 'yar gidan mutunci ce, ba a taɓa jin ta ce wa baƙo a'a ba. Kara ta sha kanta. "Haba, ranka ya daɗe, wace takura?" Da hannunta ta sauke farantin, da hannunta ta mirgine turmin. Har yau in ta tuna, takaicin kanta ya fi na Ashiru ci mata rai.

Bishiya ba ta mutuwa da gaggawa. Damina ta wuce da ganye kore shar, Ashiru yana wucewa yana ɗaga kai. "Yaya, ina mutuwar?" Da bazara ta kama, sauran maɗatan gari suka yi sabon toho, nasu ya zubar da na jikinsa bai mayar ba. Rana ta sauko har cikin farantinta, masu zaman hira suka koma gindin darbejiyar masallaci, ciniki ya bi su.

Kwamitin jiha ya fito ba sunan Ashiru. Direban motar nan ne ma ya ba da labari a tasha cewa kurɓa ɗaya Darakta ya yi wa jiƙon ya tofar, wai ɗaci ya yi yawa. Maɗaci fa!

Wata safiya Ashiru ya shigo da ɗan dashe a baƙar leda, tsawonsa bai kai kamu biyu ba. Ya dire shi a gabanta yana huci, kamar wanda ya kawo kujerar Makka.

"Ga shi nan, Yaya, a daina kuka. Irin na zamani ne. Nan da shekara talatin ya fi wancan inuwa."

Dela ta ɗaga mayafin da ta kare kanta da shi daga rana, ta dubi dashen, ta dubi furfurar da ta fara keto masa a gemu.

"Kai shi maƙabarta ka dasa," ta ce. "Can ne za mu sha inuwar, ni da kai."