Ruhin da Ke Tafiya da Fitowar Taurari

Kowa a garin ya san cewa da faɗuwar ranar Juma'a Ubangiji kan ƙara wa kowane Bayahude ruhi na biyu, ya zauna da shi har Asabar ta fita. Fishel mai gyaran takalma bai yi karatu mai zurfi ba, amma wannan kam ya gani da idonsa. 'Yarsa Tsirel, wadda tari ya kwantar tun farkon sanyi, ta tashi zaune a wannan Asabar ɗin, ta sha romon kaza, har ta yi wa gemunsa dariya.

Shi ya sa da yamma ta yi ya ja labule ya rufe taga ruf. Idan taurari uku suka fito aka yi addu'ar sallamar Asabar, ruhin nan na aro zai koma inda ya fito. Shi kuwa Fishel ya tabbata nata na asali ba zai iya riƙe jikin shi kaɗai ba.

Ya zauna gaban guntun burodi yana rera waƙar cin abincin yamma, in ya kai ƙarshe ya sake komawa farko. Muddin bai tashi daga teburin ba, Asabar na nan a gidansa.

Maƙwabcinsa Getsel ya ƙwanƙwasa taga. "Kai Fishel! Gari duk ya kunna fitila, kai kana nan kana kukan akuya. Ko Asabar ɗin ka aura ne?"

Fishel ya ci gaba da waƙarsa.

Murhun da aka cika da itace tun jiya, don ba a hura wuta ranar Asabar, ya riga ya mutu. Matarsa Beila ta taɓa ƙafar yarinyar, ta juyo.

"Fishel, ƙafarta kamar ƙanƙara. Bari in hura wuta."

"Ki dakata kaɗan."

"Malamin majami'armu da bakinsa ya ce a hura wa marar lafiya wuta ko da tsakar Asabar ne. Ka fi shi sani?"

"Ban fi shi ba. Amma kina ƙyasta ashana, ruhin zai gane an sallame shi."

"To sai sanyi ya kashe min ita da ruhi biyu a jiki?"

Fishel ya daina waƙar. Yana jin haƙoran Tsirel na kaɗawa a cikin duhu.

"Baba," in ji ta, da kyar. "Ka bar shi ya tafi. Shi ma yana da gida. Ni dai sanyi nake ji."

Fishel ya juya wajen 'yarsa. Sannan ya miƙe ya buɗe labulen. Sama ta cika da taurari tun tuni. Ya zuba ruwan inabi a kofi, ya fara addu'ar sallamar Asabar. Beila ta kunna kyandir, ta durƙusa gaban murhu tun bai gama addu'ar ba.

Ya kai wa yarinyar gwangwanin kanumfari, wanda ake shaƙa don rarrashin ruhin da aka bari shi kaɗai. Ta shaƙa, ta lumshe ido.

Ɗakin ya fara ɗumi. Tarin ya dawo, ya fi na shekaranjiya zurfi. Fishel ya zauna a bakin gado, ya sa ƙafafunta cikin rigarsa yana murza su.

"Juma'a ba nisa," ya ce mata. "Ki daure min zuwa Juma'a."