Langar da Aka Kife a Bakin Famfo

Barira ta ɗaga gefen labule a karo na uku, ta sake leƙa tsakar gida. Ga langarta can a bakin famfo, mai jan fure, an wanke ta tas an kife a kan dutse.

A Zariya, in mace na son ƙawance sai ta kai kwano. In ya dawo da ɗan wani abu a ciki, an karɓe ki. In ya dawo wayam, sai ki kama kanki. To ita Barira wata biyar ke nan da zuwanta Inugu, gidan haya mai ɗaki goma sha biyu a unguwar Uwani, ba ta taɓa wuce "ina kwana" da kowa ba, shi ma ƙasa take gaya wa. Matan gida na yin dariya, sai ta tabbata da ita ake. Ga ciki ya shiga wata tara, ga mijinta Muntaka ya hau jirgi ya tafi Arewa sayo shanu. In naƙuda ta zo, ƙofar wa za ta buga?

Shi ya sa shekaranjiya ta yi alkaki, ta nufi ɗakin Lai'atu, mutuniyar Kagoro mai 'ya'ya biyar, ita kaɗai ce mai jin Hausa a cikin matan gidan. Amma da ta isa sai baki ya mutu. Ta dire langar a ƙofa, ta juyo kamar wadda ta yi sata.

Yanzu ga sakamako: an cinye, an kife, ko a miƙo mata. Bayanta kuma tun asuba yake ɗaurewa yana saki. Ta ce a ranta, in an ƙi ta, ai ba a gaji langar uwarta ba. Ta ja mayafi ta fita.

Hannunta na taɓa langar ta ji murya a bayanta.

"Amarya! Ina za ki da kwanon nan?"

Lai'atu ce, hannu a ƙugu, fuska ba wasa. Barira ta dubi ƙofar ɗakinta, taku goma kacal. Ta ɗago kai.

"Nawa ne, Yaya."

"Naki? Ke ce kika ajiye mini abinci a ƙofa ba sallama?"

"Ni ce."

"Wayyo Allah, yarinyar nan kin kusa kashe mu! A garin nan wa ke cin abincin da ya tsinta a bakin ƙofa? Mijina Kure da ke aiki a reluwe ya ce asiri ne. Yanzu da Turawa ke tafiya, kowa a reluwe kujerar wani yake hari. Rami Kuren ya haƙa ya binne abincin, har fasto ya zo ya yi addu'a. Ni kuma na kife kwanon nan in ga mugun da zai ɗauka."

"Alkaki ne," in ji Barira. "Da zuma na yi."

Lai'atu ta dube ta, ta dubi bayan kicin inda aka yi jana'izar alkaki, sai dariya ta ƙwace mata har da dafa bango.

"Na tambayi kowa a gidan nan ban da ke. Na ce wannan da ko ido ba ta haɗawa da mu, ƙyamarmu take yi, don mu ba masu salla ba ne."

"Wallahi tsoro nake ji."

"Tsoron wa? Mu ma ai tsoronki muke yi."

Barira ta buɗe baki za ta amsa, sai bayan ya sake ɗaurewa. Ta dafa famfo, gumi ya karyo mata. Dariyar Lai'atu ta ɗauke.

"Tun yaushe?"

"Tun asuba."

"Wa kike da shi a garin nan? Wa zai dafa miki ruwan wanka?"

Hawaye suka cika wa Barira ido. Lai'atu ta sa hannu ta zare langar daga hannunta.

"Kawo nan. Mu ma a garinmu ba a mayar da kwano ba komai. Koma ɗaki, ina zuwa. Kuma ki bar ƙofar nan a buɗe."