Kusurwar Gilashin Rukhsana

Shekara goma sha ɗaya Shafqat yana manna wa gilasan ofisoshin Lahore ledar nan mai wayo: a ba ta wuta gilashi ya washe tas, a ɗauke ya koma fari kamar madara. Ledar ba ta shigo gidansa ba sai da likita ya ce tarin matarsa Rukhsana ba ya jin magani, kada 'yarsu Mehwish ta ƙara shiga ɗakin.

Ya huda ƙofar ya sa gilashi, ya manna ragowar ledar wani aiki, ya ja makunnin har bakin gado.

"Baban Mehwish, ka mai da ni kifin kwalba," in ji Rukhsana.

"Wane kifi ke da makunni? Manajan banki dai."

Ta yi dariya har tari ya ƙwace mata.

In yarinyar ta dawo daga makaranta, Rukhsana kan gyara mayafi ta kunna. Su yi ta hira da hannu, Mehwish na cin gurasar paratha a tsaye. Da Rukhsana ta ji tarin na tasowa sai ta kashe. Roƙonta ɗaya ne: kada yarinyar ta ga jinin da take tofarwa.

Sai dai ranar haɗawa hankalin Shafqat ba ya jikinsa. Ya toshe gefunan da gam mai warin tsami, wanda shi da kansa ya sha yi wa abokan aiki faɗa a kansa, don cin ledar yake a hankali. Kusurwar ƙasa ta washe, faɗin tafin hannu, ko an kashe ba ta rufewa. Dogon mutum ne, bai lura ba.

Wata Talata da azahar ya tarar da Mehwish durƙushe, idonta a kusurwar, sauran gilashin fari fat. Daga ciki ana jin tari da ƙarar kwano.

"Tun yaushe?" ya tambaye ta.

"Tun kafin Idi, Abbu. Kar ka gaya wa Ammi. Gani take ta ɓoye min."

Ya ɗauko tsohuwar jarida zai liƙe wurin. Ta riƙe masa hannu.

"In ka rufe, ita kaɗai za ta riƙa fama."

Makunni ya yi ƙas, gilashi ya washe. Rukhsana na zaune, ta goge baki, tana murmushi. Mehwish ta miƙe da sauri tana ɗaga mata hannu. Shafqat ya mai da jaridar bayansa, shi ma ya ɗaga.