Numfashin Tanki

"Ku sauke ni a nan. Kada wanda ya kai ni inuwar katangarsa," in ji Labaran Fita.

Maza huɗu suka ajiye gadon da suka ɗauko shi a kai a tsakiyar rana, daf da motar Kailani. Muntaka mai ɗinkin hula, wanda ya kama kusurwa ɗaya ta gadon, ya san da katangarsa ake. Shekara tara ke nan ba ya gaisawa da wannan tsohon maƙwabcin nasa, tun ranar da ya kafa indararon da ke zubar da ruwan sama a gindin ɗakin Labaran. Amma yau da safe shi ne ya durƙusa a zaurensa yana roƙo, domin a lokacin motocin Zariya ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma duk Tudun Wada babu wanda ya san cikinsu sai Labaran. Ya yi aikin fita, wato gyaran inji, a reluwe tun ana shimfiɗa dogo, har ciwon ƙirji ya kwantar da shi.

A gindin tayar baya Isiyaku ne zaune, igiya a ƙugunsa, ɗan doka riƙe da ƙarshenta. Shi ne ɗan farin Muntaka, shi ke tuƙa motar yana kwaso auduga daga ƙauyuka. Mako uku fetur yana ɓata. Kailani ya rantse ana sallar azahar za a kai shi gaban alƙali, kuma kowa ya san daga can sai gidan yari.

"Ɓata lokaci ne," in ji Kailani. "Da hannuna nake cika tankin nan da garwa har baki. Ɓarawo dai ɓarawo ne, ko a gidan malamai aka haife shi."

"Rufe mana baki," in ji Labaran. "Ka sayi mota kamar ka sayi jaki, ba ka san inda take ci ba balle inda take fitsari." Ya yi tari mai tsawo, ya tofar. "Ni ma ba don ɗan wancan na fito ba. Motar nake tausayi."

Muntaka ya matso yana murza hannu. Bai iya kiran sunan ɗan fari a gaban mutane ba. "Malam Labaran, yaron nan bai taɓa ɗaukar ko allura ba."

"Ubansa ya ɗauki rabin katangata, ya ba ruwa. Kai direba, ɗago kanka. Yaya take yi a hanya?"

"Baba, takan shaƙe in mun yi nisa. Sai na kwance murfi na mayar, sannan ta tashi."

"Tun yaushe?"

"Mako uku."

Tsohon ya lumshe ido. Ya aika a karɓo toka wurin matarsa Hajo, aka kawo a kasko. Ya sa aka goge wuyan tankin da tsumma, aka barbaɗe shi da toka tun daga murfi har inda ya haɗu da tanki, aka ƙara fetur har baki, aka ɗaure murfin tam. Sannan ya ce kowa ya jira rana ta yi aikinta.

Suka jira. Muntaka yana kallon inuwar motar tana gajarcewa, yana jin ladan zai kira salla kowane lokaci. Numfashin Labaran kaɗai ake ji, kamar ana jan zarto a ɗanyen itace.

"Ku girgiza ta."

Maza suka kama jikin motar suka jijjiga. Farar tokar ta fara baƙi a gindin wuyan, wani siririn layi ya gangaro, warin fetur ya tashi.

"Ga ɓarawonka nan, Kailani. Kai shi gaban alƙali. Dalmar wuyan ce ta tsage. In tanki ya cika, kowace gargada sai ya zubar, rana ta lashe kafin ku gani."

"To wa ya tsaga ta? Ba shi ba ne da tuƙin hauka?"

"Miƙo mini murfin."

Isiyaku ya kwance shi. Tankin ya yi wani dogon huci, fuuu, har ɗan dokan ya ja da baya. Labaran ya juya murfin a tafinsa, ya kai shi kusa da ido, ya kankare tsakiyarsa da farce. Sai ya fara dariya, dariyar ta zama tari, tarin ya ƙi tsayawa.

"Wane jahili ne ya toshe hancinta?"

 Muntaka ya tuna wata Juma'a, mako uku da suka wuce, yana kewaya motar kamar yadda ya saba, yana neman abin da zai cuci ɗansa. Ya ga ɗan rami a murfin, bai fi ƙwayar gero ba. Ya ce a ransa ta nan mai zai tsere a ce yaron ne. Ya shiga gida ya ɗauko kayan aikinsa, ya toshe shi da kyau, bai gaya wa kowa ba.

Labaran ya jawo wani abu daga ramin ya ɗaga. Koren zare ne, an murza shi da kakin zuma.

"Zaren hula. Duk layin nan mutum nawa ne ke ɗinkin hula?" Ya dubi Muntaka ido cikin ido. "Wannan rami Bature ya huda shi da gangan. Tanki ma numfashi yake yi. Ka toshe masa hanci, rana ta dafa shi, ya kumbura ya nemi hanya ta wuya. Kai dai ba ka taɓa sanin inda ruwa ya kamata ya bi ba."

Mutane suka fashe da dariya. Muntaka ya cire hularsa, ya durƙusa a gaban Kailani. "Ni ne. A kwance shi, a ɗaura mini."

Kailani ya zage shi tas, ya haɗa da kakanninsa. Amma babu alƙalin da zai ɗaure mutum a kan zare, kuma auduga tana jira a ƙauye. Ɗan doka ya kwance igiyar ya naɗe ta a hannu.

"Allura," in ji Labaran.

Muntaka ya zaro wadda ke maƙale a wuyan rigarsa. Tsohon ya share ramin da ita, ya hura, ya kalli rana ta ciki. Bai mayar da allurar ba, ya soke ta a bargonsa.

Da suka mayar da shi zaure, Muntaka ya tsaya a bakin ƙofa. "Malam Labaran, Allah ya saka da alheri. Don Allah mu yafi juna."

"Juya indararonka tukuna."

"Gobe in Allah ya kai mu."

"Shekara tara kana gobe. Fita, kana tare mini iska."

Washegari Muntaka bai sami magini ba. Ranar da ta biyo baya ya je rakiyar motar wurin mai dalma, don kada a sake ɓata wani abu. A rana ta uku, da hantsi, ya ji kukan Hajo ta bayan katanga.

Shi ya kama kusurwar makara, wadda ya kama a gado. Da aka dawo daga maƙabarta bai zauna wurin gaisuwa ba. Ya jingina tsani ya hau soro da kansa, ya fasa ƙasar da ke riƙe da indararon, ya juyo da bakinsa cikin gidansa. Yana saukowa aka ce Hajo ta aiko. Ɗan ƙyalle ne a naɗe. Allurarsa ce a ciki, an same ta wajen wanke bargo.

Ruwan farko ya sauka bayan kwana tara, da la'asar. Muntaka ya zauna a ƙofar ɗaki da hular da bai gama ba a cinyarsa, yana kallon indararon yana zuba a tsakar gidansa, yana haƙa ɗan rami kusa da turmi. Ta bayan katanga, gindin ɗakin Labaran a bushe yake.