Firijin da Bai San Rabi Ba

"Bakwai a raba gida biyu, nawa ke nan?"

"Uku da rabi mana. Injiniya, jarrabawa kika zo yi mini a shagona?"

"A wajenka uku da rabi ne. A wajen wannan abin, uku ne cif."

Ta nuna ƙaramin allon da ke manne a ƙofar firijin magani. Wata biyu da aurensu, amma har yanzu in ta yi magana sai ya shagala da kallon bakinta. Yau dai ya daure ya kalli allon. Shi ya kira ta, don wani abu ya daɗe yana yi masa ƙaiƙayi a rai: allon yakan nuna shida, ko bakwai, ko takwas, bai taɓa nuna bakwai da rabi ba. Sanyi kuwa ai ba tsalle yake yi ba.

Ta ture kwalayen sirinji gefe, ta ɗora kwamfutarta a kan kantar shagon, ta jona waya da akwatin da ke bayan firijin.

"Zo ka gani, Dokta. Ma'aunin sanyin da ke ciki ba shi da laifi. Kowane digiri yana yanka shi gida goma sha shida, ya turo lissafin. Waɗannan layukan rubutu da kake gani su ne tafinta tsakaninsa da ƙaramar kwamfutar da ke cikin akwatin nan. To, a can cikin cikinta ba a aiki da rabi ko kwata. In aka raba, abin da ya yi ragowa zubar da shi ake yi."

"Haka kawai? Ba ko sallama?"

"Ko waiwaye. Wanda ya rubuta wannan sai ya fara da rabawa, daga baya ya ninka. Ya riga ya zubar, me zai ninka?"

Ya jingina da kantar, yana jin ƙamshin turarenta ya danne warin magani. "Yanzu nawa ma'aunin ya turo?"

"Ɗari da arba'in da uku."

Ya ɗaga kai sama, leɓɓansa na motsi. "Takwas... saura goma sha biyar." Murmushinsa ya ɗauke. "Wato kusan tara ne?"

"Kusan tara."

"Ƙararrawar gargaɗin firijin kuma sai an wuce takwas take kuka."

"Ita a saninta ba a wuce ba."

Ya buɗe firijin, ya yi sauri ya rufe kamar ya taɓa wuta. A ciki akwai allurar masu ciwon suga, wadda ba a so ajiyarta ta wuce digiri takwas, har da ta tsohon telan nan da ke zuwa karɓa bayan la'asar, wanda kullum sai ya ce masa ɗana.

Ta sauya tsarin layin: a fara ninkawa sau goma, a ƙara rabin abin da za a raba da shi don amsar ta faɗa kan lamba mafi kusa, sannan a raba. Ta ƙirga a yatsu ko lambar za ta fi ƙarfin gurbin da akwatin ke ajiye ta, ta ga da saura. Ta sake kunna akwatin.

Allon ya ɗauke, ya dawo da takwas da ɗigo tara. Ƙararrawar ta tsala ihu, har mai gyaran takalmin bakin ƙofa ya leƙo.

"Tun yaushe yake haka?" ya tambaya a hankali.

"Ban sani ba, masoyi. Abin da aka zubar ba ya dawowa. Wataƙila tun safe, wataƙila tun makon jiya."

"Wataƙila kuma allurar lafiyarta ƙalau."

"Wataƙila."

Ya tsaya yana kallon kwalaben ta gilashi. Daga nesa ta hango tsohon telan tafe da sandarsa, ta taɓa hannun mijinta.

Ya cire farar rigarsa, ya ɗauki makullin babur.

"Ki ba Baba kujera, ki ce ya ɗan jira ni. Zan je babban kanti in karɓo masa wata. Na cikin firijin nan ko kwalba ɗaya ba zan ba kowa ba sai masu kawo ta sun zo sun duba."